Damanar da Allura Ta Ƙaryata Baba Arzika

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa ubanku ya kusa zuwa Faransa, faɗa da shugabansa ne ya hana shi. Har a wurin sunan ɗan ƴar'uwarku Sa'a na ji wani yana ba da labarin yana ƙara masa gishiri, wai na buga teburi a buro, wato ofis, na ce a riƙe tafiyar. Ban taɓa buga teburin kowa ba. Na bar maganar tana yawo shekara da shekaru domin ta fi ainihin abin da ya faru daɗin ji, kuma ya fi wa mutum sauƙi a ɗauke shi mai zafin zuciya a kan a san ya yi kuskure. Yanzu da ido ya fara rauni, gara in rubuta muku da hannuna.

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a kamfanin siminti a Malbaza, sashen kuran, wato wutar lantarki, ɓangaren kayan awo. Abin da kowa yake yi wa hidima a wurin shi ne fur, wato wata doguwar tanda ta ƙarfe da ke kwance tana juyawa a hankali, an jera mata bulo na musamman a ciki, ana hura mata wutar baƙin mai har garin dutse ya gasu ya dunƙule. Idan zafi ya yi kaɗan, siminti ya fito ɗanye. Idan ya yi yawa, bulon ya ci wuta ya zube, a tsai da aiki makonni. Nawa aikin shi ne in tabbatar masu lura da fur suna ganin gaskiyar zafin da ke ciki. Akwai sandar awo da aka soka a jikin fur, akwai ɗan akwati kusa da ita mai mai da zafin ya zama siririyar wuta, akwai doguwar waya da ke kai wutar nan ɗakin masu lura, inda allura take nuna lamba, alƙalami kuma yana zana layi a kan takarda mai juyawa. Dukkansu daga akwati guda suke shan kuran, mai ba da volt ashirin da huɗu.

Da rani aka kawo sababbin kayan awon, tare da wani Bature da zai kafa su. Bai yi kwana goma ba zazzaɓi ya kayar da shi, aka mai da shi Yamai. Ya bar mini zanen aikin da wasu akwatuna huɗu masu launin toka, kowane bai fi sabulun wanki girma ba. Izolatar ake ce musu. Aikinsu su tsaya tsakanin wayar da ta fito daga fili da wayar da ke cikin ɗaki, su karɓi saƙo daga wannan su miƙa wa waccan, ba tare da wayoyin biyu sun taɓa juna ba. Kowane yana bukatar a ja masa nasa layin kuran, allon da ake jera kayan awo a ɗakin kuma ya cika, sai an yanka ƙarfe an ƙara wuri. Aikin kwana biyu ne, ga shi an riga an sa ranar tayar da fur. Na haɗa wayar fili da ta ɗaki kai tsaye, na gwada da mita, komai ya zauna daidai. Na gwada washegari, daidai. Sai na ce a raina Turawa dai suna son ƙarin kaya, na kai akwatunan mangaza, ɗakin ajiyar kaya, na ce a ajiye, na sa hannu cewa aiki ya kammala.

An yaba mini ƙwarai. Ɗan ƙasa ya ƙarasa aikin da Bature ya bari, kuma a kan lokaci. Kafin ruwan farko sunana ya fito cikin waɗanda za a tura horo Faransa na wata shida, bayan kaka. Wanda ya je irin wannan horo, idan ya dawo shugaban sashe yake zama. Innarku Hadiza tana da cikin Sa'a a lokacin, saboda haka na ɗauko kakarku daga Badaguishiri ta zauna da mu har in je in dawo. Kafin ta taso ba ta bar gida ko ɗaya ba a unguwarmu sai da ta shiga ta faɗa cewa ɗanta za shi Faransa. Ni kuma na hau mota zuwa Konni, na shiga cikin ƴan gwanjo na zaɓi wata baƙar kwat mai nauyi, na dawo na sa ta a tsakar gida cikin zafin bazara, su biyun suna dariya har kakarku tana share hawaye.

Cikin masu lura da fur akwai wani tsoho, Baba Arzika, mutumin Tajaye. Yana wurin tun ranar da aka fara kunna mata wuta. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, ba ya karanta lamba sai wadda ya haddace wurinta a kan allo. Yana da wani baƙin gilashi da ya ɗaure wa kirtani, ya leƙa ta ƙaramar taga ya dubi launin wutar da yadda dutsen yake gangarowa, ya ce a ƙara ko a rage. Saura masa shekara biyu ya yi ritaya ya koma gonarsa da fansho. Shugaban aikin fur kuwa sabon injiniya ne, Shef Habu, yaro a kan Baba Arzika amma mai ilimi, ba mugu ba ne, sai dai abin da takarda ta nuna shi ne gaskiya a wurinsa.

Damana ta sauka da ƙarfi a shekarar. Wata safiya bayan an sha ruwa ina ɗakin masu lura ina sauya takardar awo, Shef Habu ya shigo ya dubi allura.

"Baba, zafi ya sauka. A ƙara mai."

Baba Arzika ya ɗauki gilashinsa ya fita, ya leƙa, ya dawo.

"Shef, wutag ga lahiya lau take. In anka ƙara mata mai, bulo za ta ci."

"Ga allura kana gani."

"Ina ganinta. Wutar ma na gane ta."

Bai ƙara ba. Da rana ta ɗaga, allura ta koma wurinta, aka bar maganar. Bayan kwana huɗu aka sake ruwa, aka sake irin wannan. A karo na uku Shef Habu ya ba shi umarni a gaban mutane, tsoho ya harɗe hannu a baya ya ce shi ba zai kashe fur da hannunsa ba. Aka dakatar da shi. Amma kafin Shef Habu ya rubuta komai, ya kira ni ya ce in duba kayan awon, don ba ya son ya zalunci dattijo. Na cire sandar na kai ɗakin gyara na gwada, lafiya. Na gwada ɗan akwatin, lafiya. Na gwada allurar ita kaɗai, lafiya. Kowanne na gwada shi a kan teburi, a busasshen ɗaki. Na rubuta cewa kayan awo ba su da aibi, na sa hannu. A kan wannan takarda tawa aka rubuta wasiƙar sallamar Baba Arzika, aka aika sama ana jiran sa hannun darakta.

Kwana biyu bayan haka na bi ta ƙofar gidansa da azahar. Yana zaune a gindin bedi yana ɗaure wa kwashe ƙota, mutumin da ban taɓa gani a gida da rana ba. Na so in wuce da sallama daga nesa, ya yafito ni.

"Isuhu, zo. Ba faɗa za ni yi maka ba. Ni ban san karatu ba, amma abu guda na lura. Allurag ga taka ba ta musu da ni sai ƙasa ta jiƙa. Ka tahi ka duba."

Na koma na buɗe kabad na fito da tsoffin takardun awo na shimfiɗa su a ƙasa. Duk ranar da aka yi ruwa, layin alƙalami yana sauka, ko wa ke kan aiki, ya kuma hau da kansa idan ƙasa ta sha iska. Na jira ruwa na gaba. Da safe na ja waya daga ƙarfen jikin fur har ɗakin masu lura, na sa mita tsakaninta da ƙarfen allo. Bai kamata mita ta motsa ba. Ta motsa. Na zauna a kan benci. Manyan injinan da ke juya fur suna zubar da ɗan kuran cikin ƙasa. Da rani ƙasar Malbaza busasshiya ce kamar ƙashi, ba ya samun hanya. Da ta jiƙe sai ya samu, ya bi ta wayata, domin ta taɓa ƙasa a can wajen fur ta kuma taɓa a nan ɗaki, ya janye wani abu daga saƙon kafin ya isa allura. Abin da aka ƙera akwatunan nan huɗu su hana ke nan, suna can mangaza cikin ledarsu. Kuma wanda ya maye gurbin tsoho yana bin allura, yana ƙara mai kaɗan-kaɗan a tsorace, har fentin jikin fur ya fara kumbura a wuri guda.

Gyaran ba wuya. Ranar Lahadi babu shugabanni, ina iya ɗauko akwatunan in kafa su, in rubuta cewa aikin kulawa ne na yau da kullum. Allura ta daina ƙarya, fur ta tsira, babu wanda zai san komai. Sai dai takardata ta farko tana nan, wasiƙar sallama tana nan.

Bayan la'asar na tarar da kakarku a kan tabarma tana tsinke zogale, Hadiza tana tankaɗe a ƙofar madafa. Na zauna na faɗa musu duka, yadda zan iya da kalmomin gida. Kakarku ta saurara har na gama, ba ta daina tsinkar ganye ba.

"To wa yag gane ka?"

"Babu kowa, Inna."

"Mi kaka so ka tone ma kanka? Ka gyara abinka shiru, ka roƙi Allah gahwara. Tsohon ga a taimake shi ta wata hanya. In ka dawo kana babba, ba sai ka maido shi ba?"

"Kahin in dawo an sallame shi, Inna. Fanshonai ya tahi."

"Ni dai na gaya ma mutanen Badaguishiri ɗana za shi ƙasar Turawa. Da wane baki za ni koma?"

Kada ku ga laifin kakarku. Ita ta sayar da akuyoyinta ta kai ni lakwal a Illela lokacin da ƴan uwan ubana suke cewa a bar ni a gona. Abin da ta shuka ne take ganin zai zube dab da girbi. Hadiza ba ta saba sa baki idan ina magana da uwata ba. Ranar ta ajiye rariya, ta goge hannu a zane, ta matso ta durƙusa.

"Inna, ki yi haƙuri in ce wani abu. Ni ka ɗibar ruwa da matar Baba Arzika kullum da sahe a famfo. Jiya ita tad ɗora min tulu, tac ce kar in riƙa ɗaukar nauyi da cikin ga. Ba ta san hannun wa ke bisa takardar ba. In Malam ya tahi Faransa a haka, ni za a bari da ita wata shida."

Kakarku ta dube ta, ta dube ni, ta ja kwanon zogalenta ta juya mana baya.

Washegari na shiga buron Shef Habu da takardun awo a hammata da akwati ɗaya a hannu. Na ce masa takardar da na sa wa hannu ba daidai ba ce, kayan awo suna da aibi, kuma ni na sa musu shi tun da rani. Na nuna masa zanen Bature, na nuna masa inda na tsallake. Ya daɗe yana kallon layukan alƙalami yana bin su da yatsa.

"Ka san abin da wannan zai jawo maka?"

"Na sani, Shef."

"Da ka gyara ka yi shiru, ba zan taɓa ganewa ba."

"Shi ma na sani."

Ya cire tabarau ya murza idanu. "Ni ma ya kamata in jera takardun nan in duba kafin in rubuta wasiƙa. Jira mu ga ruwa. Ina so in gani da idona."

Ba mu jira da yawa ba. Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari ya waye ƙasa tana tsatsafo. Allura ta sauka kamar yadda ta saba. A gaban Shef Habu da masu lura na yanke wayar da na haɗa, na sa akwatin a tsakani, na ja masa layinsa daga mai ba da kuran, na ɗaure da waya a gefen allo tunda wurin zamansa bai samu ba tukuna. Na mai da wuta. Allura ta tashi a hankali, ta wuce inda ta saba tsayawa, ta je ta tsaya sama da inda ya kamata, domin mai ya riga ya yi yawa. Shef Habu da kansa ya miƙa hannu ya rage mai. Sannan ya ce wa direba ya ɗauki mota ya je ya zo da Baba Arzika.

Tsoho ya shigo da rigarsa ta gida. Bai dubi allo ba. Ya fita ya leƙa wutar, ya dawo ya ce a ƙara ragewa kaɗan, aka rage. Shef Habu ya ba shi haƙuri a gaban waɗanda ya yi masa tsawa a gabansu, kuma na girmama shi a kan haka har ya bar kamfanin. Da mutane suka watse na matsa kusa da tsoho, na fara haɗa kalmomin da na shirya tun a hanya. Ya katse ni.

"Allurar taka ta warke?"

"Ta warke, Baba."

"To madalla. Ka gaya mata in ta rikice ta riƙa tambaya ta."

Iyakar abin da ya taɓa ce mini a kan maganar ke nan.

An janye wasiƙar sallama. An tsai da fur kwana uku aka sauya bulon da ya fara ci, maimakon makonnin da za a yi da ya zube. Ni kuma aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, aka cire sunana daga tafiya. Shef Habu ya hau sama ya yi magana a kaina, aka ce masa mutumin da ya tsallake zane ya sa hannu sau biyu ba za a tura shi da sunan kamfani ba, kuma da gaskiyarsu. Abokin aikina Sani ya tafi a madadina. Kwat ɗin ma shi na ba, ta yi masa daidai. Ranar da ya zo karɓa, Hadiza ta miƙa masa da fara'a, ta yi masa addu'a, yana fita ta shiga ɗaki ta yi kuka har na ji daga zaure. Na shiga na ce ai ke kika ce in je in faɗa. Ta ce ta sani, kuma ko yau aka sake ita za ta sake faɗa, amma a bar ta ta yi kukanta. Kakarku ta daɗe ba ta amsa mini sai gaisuwa. Ta sauko ne bayan an haifi Sa'a, da ta ga matar Baba Arzika ta kwana uku a gidanmu tana dafa ruwan wanka, ba wanda ya aike ta.

Sani ya dawo ya zama shugaban sashe, na yi aiki a ƙarƙashinsa har na yi ritaya. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma duk wani sabon kayan awo da aka kawo, ni yake ba zanen ya ce in bi layi-layi, ya san ba zan sake tsallake ko ɗigo ba. Ba mu gina gidan bene ba. Na Konni da kuka tashi a ciki, ɗaki-ɗaki muka yi shi. Lakwal ɗin da kuka yi na gwamnati ne, ba irin na ƴaƴan Sani ba, na san wasunku sun ji wannan a ransu, kuma hakkinku ne ku san daga ina ya fito. Ni dai ina nan aka haifi Sa'a, ni na yi mata huɗuba. Ina nan kakarku ta yi ciwonta na ƙarshe bayan shekara biyu, a cinyata ta cika. Na ci abincina da daɗi duk tsawon shekarun nan, ina shiga ƙofar kamfani ina gaisawa da kowa ido cikin ido.

Baba Arzika ya cika shekarunsa biyu ya koma Tajaye da fanshonsa. Daga wannan kaka buhun wake ya fara zuwa gidanmu, bayan rasuwarsa ƴaƴansa suka ci gaba, mu ma ba a yin biki ko rasuwa a can ba tare da mu ba. Kun tashi kuna ce musu baffa da gwaggo. Ɗan'uwanku Habibu ya taɓa tambayata ko ta wajen uwa muka haɗu da su ko ta wajen uba, na ce masa dogon zance ne. To, ba mu haɗa kaka da mutanen Tajaye ba ko ta ina. Duk da haka idan sun aiko kira, ku bar abin da kuke yi ku je, ku zauna a inda ƴan uwa suke zama.